Wace lamba ake sa wa matsalar ƙarin jini idan likita bai fayyace ta ba?

"Assalamu alaikum Malam. Watana takwas ina aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya, kuma kwanan nan aka fara ba ni fayiloli in sa musu lambobin cuta. Jiya na ci karo da fayil ɗin wata dattijuwa mai ciwon zuciya da aka rubuta mata ƙarin jini leda biyu. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa ana tsakiyar leda ta biyu numfashinta ya sarƙe, aka tsayar da jinin, aka sa mata iskar oksijin, aka yi mata allurar Lasix, wato maganin sa fitsari. Amma a takardar sallama abin da likita ya rubuta kawai shi ne, 'ta sami 'yar matsala lokacin ƙarin jini, ta warware.' Wani da ya riga ni aiki ya ce in sa lambar 'ba a fayyace ba' in wuce. Wata kuma ta ce kada ma in sa komai tunda matar ta warke, kada in jawo wa nas ɗin tuhuma. Wace lamba ce daidai? Kuma tsakani da Allah, lambar da muke sawa a ofis tana da wani amfani ga lafiyar majiyyaci, ko cika takarda ce kawai?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na ji daɗin wannan tambaya, domin fayil irin wannan shi ne yake raba mai sa lamba da mai kwafe lamba. Abu biyu kika tambaya: wace lamba ta dace da fayil ɗin da ke gabanki, da kuma ko lambar tana taɓa rayuwar wani. Amsar ta farko a taƙaice ita ce, fayil ɗin nan bai kai a sa masa lamba ba tukuna, sai ya koma wurin likitan da ya rubuta sallamar. Amsar ta biyu kuwa, e, tana taɓawa, amma ba ta hanyar da aka fi zato ba. Bari mu bi su a hankali.

Littafin da ke hannunki

Kafin komai ki tabbatar da wane littafi kike aiki, don na sha ganin sababbin ma'aikata suna ɗauko lamba daga intanet wadda babu ita a tsarin asibitinsu. Kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na goma, wato ICD-10, ya tara matsalolin ƙarin jini da ƙarin ruwa da allura a ƙarƙashin T80. A ciki T80.3 ita ce rashin jituwar rukunin jini na ABO, wato A da B da AB da O, T80.4 ta rukunin Rh ce, T80.2 ta ƙwayar cutar da ta shiga jiki ta wannan hanya, T80.8 ta sauran matsalolin da aka ambaci sunansu amma ba su da lamba tasu, sai T80.9 wadda abokin aikinki yake nufi, inda ake jefa duk abin da aka ce "matsalar ƙarin jini" aka yi shiru.

Amurka kuwa ta yi wa kundin kwaskwarima ta kira nata ICD-10-CM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoban 2015. Nata ya fi tsefe bayani, amma ya warwatsa matsalolin zuwa babi-babi. Zazzaɓin ƙarin jini wanda babu fashewar ƙwayoyin jini a cikinsa yana R50.84, cikin babin alamomi. Cikar jijiyoyi da ruwa saboda ƙarin jini, wadda likitoci ke kira TACO, tana E87.71. Raunin huhu na farat ɗaya, wato TRALI, yana J95.84, cikin cututtukan numfashi. Taruwar sinadarin ƙarfe a jikin wanda aka daɗe ana yi wa ƙari tana E83.111. Saboda haka duk wanda ya ce wa kwamfuta ta fito masa da T80 kaɗai yana zaton ya ga dukkan matsalolin ƙarin jini na shekara, to ya bar mafi kisa a baya bai sani ba. A kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, TACO da TRALI ba su da lambobi na kansu, don haka sai an haɗa lambar T80 da wata da ke bayyana abin da ya sami jikin, gwargwadon ƙa'idar ƙasar da ake aiki.

Abin da fayil ɗinki yake nunawa, da abin da bai ba ki ikon faɗa ba

Duk wanda ya daɗe a wannan aiki, yana karanta bayaninki zai ce a ransa TACO ce. Tsohuwa, zuciya mai rauni, leda ta biyu, numfashi ya sarƙe, an ba da maganin sa fitsari ta sami sauƙi. Jini ya shiga fiye da yadda zuciyar za ta iya turawa, ruwa ya taru a huhu. Ni ma nan hankalina ya tafi. Amma kama da wane ba ta wane. TRALI ma da sarƙewar numfashi take zuwa, ita ma tana cika huhu da ruwa, kuma a hoton ƙirji sukan yi kama. Bambancin yana cikin dalili. A TRALI ba yawan ruwa ne ya yi wa zuciya nauyi ba. Galibi wasu sojojin garkuwa ne da ke cikin ruwan jinin wanda ya bayar suke tayar da fararen ƙwayoyin jinin majiyyaci, su raunata ƙananan jijiyoyin huhu har su riƙa yoyo. Tana bayyana cikin awa 6 da ƙarin jinin, sau da yawa da zazzaɓi da faɗuwar awon jini, wato BP. TACO kuwa, bisa ma'anar da aka sabunta a 2018, ana ƙirga ta har zuwa awa 12, kuma an fi ganin awon jini ya hau, jijiyoyin wuya sun kumbura, majiyyaci ya kasa kwanciya sai a zaune. Ban da waɗannan biyu, borin jini mai tsanani yakan shaƙe numfashi, haka ma ledar da bakteriya ta gurɓata, haka ciwon zuciyar da matar ta zo da shi yana iya tashi da kansa ba ruwan jinin da aka ƙara.

Ki duba abin da ya rataya a kan wannan bambanci. Idan TACO ce, darasin na majiyyaciyar ne: gobe idan ta sake buƙatar jini, a ba ta leda ɗaya a hankali, a auna nauyinta da ruwan da ya shiga da wanda ya fita, a duba ta kafin a ɗora ta biyu, wataƙila a ba ta maganin sa fitsari tun da wuri. Idan TRALI ce, maganar ta wuce kanta ta koma kan wanda ya ba da jinin, domin akwai yiwuwar sauran abin da aka tace daga jininsa yana cikin firji yana jiran wani. Irin wannan bibiya ce ta sa ƙasashe da dama suka koma ɗaukar ruwan jini daga maza galibi, bayan an gano cewa matan da suka taɓa ɗaukar ciki sun fi ɗauke da waɗannan sojojin garkuwa, kuma mace-macen TRALI suka ragu bayan haka. Yanzu a rahotannin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, na shekarun baya-bayan nan, TACO ce kan gaba cikin matsalolin ƙarin jini da ke kai ga mutuwa. To idan kika sa T80.9, kin zuba waɗannan abubuwa biyu masu hanyoyi daban a kwando ɗaya, babu mai iya ware su kuma.

Duk da haka, ba ke za ki rubuta TACO ba, ba ni ba. Ƙa'idar aikinmu ita ce lamba tana bin abin da likitan da ke kula da majiyyaci ya rubuta, musamman a matsalolin da ake danganta wa magani, inda dole shi ne zai ce wannan ya faru ne saboda wancan. Rubutun nas da sakamakon gwaji da sunan allurar da aka yi, duk alamu ne da ke ba ki hujjar yin tambaya, ba hujjar yanke hukunci ba. Na san wannan yana da ciwo idan amsar tana kallonki ƙuru-ƙuru. Amma ranar da masu sa lamba suka fara gano cuta daga kan tebur, ranar ce alƙaluman asibiti suka daina zama shaida.

Yadda ake tambayar likita

Tambayar ma tana da ladabinta. Kada ki rubuta masa "Likita, TACO ce ko?" don wannan sa masa magana a baki ne, kuma likitan da ya gaji zai ce e ya sa hannu. Abin da nake yi shi ne in jero masa abin da ke cikin fayil da lokutansa: ƙarfe kaza aka ɗora leda ta biyu, ƙarfe kaza nas ta rubuta sarƙewar numfashi, ga awon jini kafin da bayan, ga zafin jiki, ga awon iska a jini, ga maganin da aka bayar, ga yadda ta kasance bayan awa biyu. Sannan in ce, "A takardar sallama an rubuta matsala lokacin ƙarin jini. Don Allah a fayyace irin matsalar bisa hukuncinka: cikar jijiyoyi da ruwa saboda ƙarin jini, raunin huhu saboda ƙarin jini, borin jini, tashin ciwon zuciya wanda bai shafi ƙarin jinin ba, wani abu daban, ko ba za a iya tantancewa ba." Zaɓin ƙarshe ɗin nan kada ki cire shi. Idan likita ya duba ya ce gaskiya ba a iya tantancewa, to T80.9, ko T80.92 a tsarin Amurka, ta halatta, kuma ba laifinki ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a sa ta don gudun hawa bene zuwa ɗakin majiyyata. Amsar kuma ta shiga fayil a rubuce, da kwanan wata da sa hannu. Maganar baki a baranda ba ta zama hujja.

Wani abin lura: a ƙa'idar Amurka, idan majiyyacin da aka kwantar ne kuma likita ya rubuta "mai yiwuwa" ko "ana zaton" a lokacin sallama, ana sa lambar kamar an tabbatar. Ga wanda aka duba ya koma gida ba a kwantar ba, ba a yin haka, alamomin kawai ake sa wa lamba. Ki duba abin da ƙa'idar wurinku ta ce a kan wannan, don ƙasashe sun sha bamban.

Maganar "kada a jawo wa nas tuhuma"

Na fahimci abokiyar aikinki, tausayi ne ya sa ta faɗi haka, amma ta haɗa abu biyu da kundin kansa ya raba. Lambar matsala ba ta cewa wani ya yi kuskure. Akwai lambobi daban na musabbabi, kuma su ma kashi biyu ne. A kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, Y44.6 tana nufin jini ko abin da aka tace daga jini ya yi illa alhali an ba da shi yadda ya kamata. Su kuwa lambobin Y60 zuwa Y69 na kuskuren aiki ne: Y65.0 an ƙara jinin da bai dace da majiyyaci ba, Y63.0 an ba da jini ko ruwa fiye da kima, Y64.0 an ƙara abin da ya gurɓata. Kada ki ga TACO ki yi saurin manna mata Y63.0. Leda ɗaya tak da aka rubuta daidai aka ɗora daidai tana iya yi wa raunanniyar zuciya yawa. Sai likita ya rubuta cewa an wuce kima sannan wannan lambar ta shigo. Nas ɗin da ke cikin fayil ɗinki ma, bisa abin da kika kawo, ta lura da wuri, ta tsayar da jini, ta rubuta abin da ta gani. Wannan aikin yabo ne, kuma goge matsalar daga bayanai goge shaidar aikinta ne.

Inda tsoron ɓoyewa yake da ƙarfi da gaske shi ne rashin jituwar ABO. Tun da Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini a 1901 aka san yadda za a kauce wa wannan, shi ya sa idan ya faru kusan kullum ba ilimi ne ya gaza ba: an ɗebi jinin gwaji daga wani aka manna sunan wani, ko an ɗauko ledar maƙwabcin gado, ko ba a karanta abin hannun majiyyaci mai ɗauke da sunansa ba kafin a ɗora. Ɗan kaɗan ya isa ya tayar da rawar ɗari, ciwon baya, fitsari ja ko baƙi, faɗuwar awon jini, har ƙoda ta tsaya. Tsarin Amurka ya raba shi da agogo: T80.310 idan ƙwayoyin jini suka fashe ƙasa da awa 24 bayan ƙarin, T80.311 idan awa 24 ne ko fiye, sannan a ƙara harafi na bakwai, A ga lokacin da ake tsakar magani, D ga bibiya, S ga illar da ta bari. Tun Oktoban 2008 Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, ya daina biyan ƙarin kuɗin jinyar rashin jituwar jini idan a cikin asibitin abin ya faru, kuma ana gane hakan ne daga alamar da mai sa lamba yake maƙalawa, Y idan da matsalar aka zo, N idan bayan kwantarwa ta auku. Kin ga harafi ɗaya daga hannun ma'aikacin ofis yana iya rage wa asibiti kuɗi. Duk inda aka ɗaura kuɗi ko suna a kan lamba, matsin lamba zai zo, wani lokaci da murmushi. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Wanda ya fi damuna

Matsalar da ta fi ɓacewa a bayanai ba mai hayaniya ba ce, mai jinkiri ce. Akwai ƙananan rukunonin jini irin su Kidd da Duffy da Kell. Mutum ya taɓa karɓar jini, jikinsa ya ƙera sojojin garkuwa a kan ɗayansu, bayan shekaru su yi ƙasa har gwaji ya kasa ganinsu. A sake yi masa ƙari, gwajin dacewa ya fito lafiya lau, sai bayan kwanaki ko mako biyu su farfaɗo su shiga farfasa jinin da aka ƙara. Masu amosanin jini, wato sikila, sun fi kowa shiga wannan haɗari saboda yawan ƙarin da ake yi musu.

Na taɓa riƙe fayil ɗin wani saurayi mai sikila da aka sake kwantarwa kwana tara bayan an sallame shi. An rubuta ciwon ƙashi, zazzaɓi, idanu sun yi rawaya, jini ya yi ƙasa. Takardar sallama ta ce tashin sikila ne, kuma da na bi ta kawai da na gama cikin minti biyu. Can bayan fayil, an maƙala wata 'yar takarda daga ma'ajiyar jini, rabinta ta naɗe a ƙarƙashin ƙusar fayil, tana cewa an sami sabon sojan garkuwa na rukunin Kidd kuma gwajin Coombs, wanda ke gano sojojin garkuwar da suka manne a jajayen ƙwayoyin jini, ya nuna alama. Babu inda likita ya ambace ta, don ta iso ne bayan ya rubuta sallama. Na kai masa tambaya da takardar a hannu. Ya karanta, ya yi shiru, ya jawo fayil ɗin kwanciyar farko ya duba ranar da aka yi ƙarin, sannan ya ƙara bayani da hannunsa cewa fashewar jini ce mai jinkiri. A tsarin Amurka wannan T80.A11 ce. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne, daga ranar sunan wannan sojan garkuwa ya shiga katin yaron. Bayan shekara biyu gwaji zai iya kasa ganinsa, amma rubutu ba zai manta ba, kuma duk ledar da za a ɗora masa sai an tabbatar ba ta ɗauke da abin da jikinsa ke yaƙa. Wannan ita ce amsata ga tambayarki ta biyu.

Abin da lamba ba za ta iya ba

Sai dai kada in zuzuta aikinmu fiye da ƙarfinsa. Lamba tana zuwa ne bayan an sallami majiyyaci, wani lokaci da makonni. Ba ta tsayar da leda, ba ta kiran ma'ajiyar jini. Abin da ke yin wannan shi ne rahoton gaggawa daga bakin gado: a tsayar da jini, a bar jijiya a buɗe da ruwan gishiri, a sake duba suna da lambar leda, a mayar da ledar da robarta ɗakin gwaji tare da sabon jinin majiyyaci da fitsarinsa, a cike fom. Ƙasashe sun gina tsarin sa ido a kan wannan. Faransa ta fara nata a 1994, Birtaniya ta kafa nata mai suna SHOT a 1996, Amurka ta buɗe nata a ƙarƙashin CDC, hukumarta ta yaƙi da cututtuka, a 2010, kuma a can idan ƙarin jini ya yi sanadin mutuwa dole a sanar da FDA nan take, a biyo da rubutaccen rahoto cikin kwana 7.

Akwai kuma abin da ba shi da lamba ko kaɗan: kuskuren da ƙiris ya rage ya faru. Nas ta ɗauko leda, ta karanta abin hannun majiyyaci, ta ga sunan uba bai yi daidai ba, ta mayar. Babu wanda ya cutu, don haka babu cuta, babu lamba. Amma ramin da ya kusa cin wannan yana nan a buɗe, kuma rahoton sa ido kaɗai ke kama shi. Sabon kundin ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya yi ƙoƙarin gyara wani ɓangare ta hanyar ba da damar haɗa abu uku a jere, illar da ta sami majiyyaci, abin da ya jawo ta, da yadda aka yi ta faru. Ci gaba ne, amma shi ma abin da aka rubuta kawai zai iya ɗauka.

Abin da na ga yana aiki shi ne a riƙa gwama littattafai biyu, na sashenku da na ma'ajiyar jini. Kowane wata, sashenku ya fitar da sunayen duk waɗanda aka sa wa lambar matsalar ƙarin jini, ma'ajiyar jini ta fitar da rahotannin da ta karɓa, a zauna a kwatanta. Ban taɓa yin wannan zama na ga jerin biyu sun zo daidai ba. Za a sami wanda aka bincika a ɗakin gwaji amma takardar sallama ba ta ambata ba, a sami wanda likita ya rubuta TACO amma ba wanda ya sanar da ma'ajiyar jini, don mutane da yawa ba sa ɗaukar cikar ruwa a matsayin matsalar ƙarin jini, suna ganin ciwon zuciya ne kawai ya motsa.

Ni ma'aikacin bayanai ne, ba likita ba, kuma da bayaninki kaɗai na yi aiki, don haka kada ki ɗauki zatona na TACO ki kai shi fayil. Gobe da safe ki ajiye fayil ɗin a gefe da alamar ana jiran bayani, ki rubuta tambayar yadda na kwatanta, ki sanar da shugaban sashenku don kada a ce kin riƙe aiki. Kan hanyarki ta dawowa ki biya ta ma'ajiyar jini ki tambaye su ko rahoton dattijuwar nan ya iso gare su, da kuma ko an mayar musu da ragowar leda ta biyu. Idan suka ce ba su ji komai ba, ki gaya wa likitan a cikin wannan takardar tambayar, tun kafin matar ta dawo ganin likita a sake rubuta mata jini.